Katafila Ba Doka Ba Ce: Gonakin Kano da Sharaɗin da Ba Mu Rubuta Ba

Kakanmu yana da gona a yamma da birni, tafiyar kusan awa guda a kan jaki idan an fita ta Ƙofar Kabuga. A gefenta na kudu akwai 'yar fadama inda ruwan damina yake taruwa, makiyaya su shayar da shanu, manoman rani su ja ruwa su yi tumatir da alayyafo. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya ji wasiyyarsa a kan wannan gefe: ko an sayar da tudun, kada a taɓa fadamar. Ya faɗa a zaure, ya maimaita a gaban dagaci, amma bai rubuta ba. Bayan rasuwarsa aka raba gado, gonar ta tsage gida goma sha ɗaya, kowa da lalurarsa. Wani zai aurar da 'ya, wani zai biya kuɗin makaranta, wani yana jinya. Dillalai suka zo da igiya suka auna. Yau gidaje ne a kan fadamar, kuma duk watan Agusta masu gidajen suna kwashe ruwa daga ɗakunansu da bokiti. Ban ga laifin magada ba, ban ga laifin waɗanda suka saya ba. Abin da na gani shi ne maganar dattijo ta bi shi kabari, domin babu abin da ya ɗaure ta a jikin ƙasar.

Da'awata a wannan rubutu ita ce: a Kano mun bar filayen da kowa yake amfana da su a hannun masu gadi biyu da ba su da tabbas, wato tunawar dattawa da ra'ayin gwamnan da ke kan kujera. Dattijo yana rasuwa, gwamna yana sauka. Abin da muke buƙata shi ne sharaɗi rubutacce wanda yake bin ƙasar duk hannun da ta shiga, kuma wanda talaka zai iya ɗauka ya kai kotu. Sai dai wannan makami yana da kaifi biyu, kuma zan faɗi inda yake yanka wanda bai kamata ba.

Birnin da ya san darajar fili

Waɗanda suka gina Kano ba su ɗauki fili marar gini a matsayin asara ba. Ganuwar da Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, wadda Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa a mulkinsa na 1463 zuwa 1499, ta kewaye gonaki da kududdufai tare da gidaje. Da Heinrich Barth ya zo a 1851 ya tarar da babban ɓangare na cikin ganuwa gonaki ne da sarari. Dalilin a bayyane yake: birnin da za a iya yi wa ƙawanya dole ya iya ciyar da kansa, kuma ramin da aka haƙa don ɗiban ƙasar gini shi ne zai karɓi ruwan sama.

A wajen ganuwa kuma akwai wani tsari da ya ba masana mamaki. A 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson suka wallafa nazarinsu a Jami'ar Ahmadu Bello a kan karkarar da ke kewaye da Kano, inda jama'a suka yi yawa har gona ba ta hutawa, amma ba ta mutuwa. Sirrin shi ne taki. Jakuna suna shiga birni da itace da hatsi, suna fita da toka da kashin dabbobi da sharar gidaje. Birni yana ciyar da gona, gona tana ciyar da birni.

Wannan ƙasa ce muke binnewa a ƙarƙashin bulo. Ɗorayi, Ja'en, Sheka, Rijiyar Zaki, Kurna, Bachirawa, Hotoro, Na'ibawa, Gaida: kowace daga cikinsu akwai masu rai a yau da suka san ta tana ƙauye ko gona. Mafi yawan wannan faɗaɗa awon igiya ne, wato mai gona da dillali su yanka fulotai ba tare da taswirar hukuma ba. A awon igiya babu wanda yake cin riba idan ya bar wurin makaranta, ko hanyar ruwa, ko maƙabarta. Duk taƙin da aka bari kuɗi ne aka bari, don haka ba a bari.

Sharaɗin da yake bin ƙasa

Turawan Ingila sun yi karo da irin wannan matsala, kuma shari'ar da ta kafa musu ƙa'ida a kan wani ɗan lambu ne a tsakiyar Landan. A 1808 wani mai suna Tulk ya sayar da filin dandalin Leicester, mai sayen ya yi alƙawari a rubuce cewa zai bar shi lambu, ba zai yi gini ba. Filin ya yi ta canza hannu har ya zo ga Moxhay, wanda ya san da alƙawarin amma ya ce ba da shi aka ƙulla ba. A 1848 kotu ta hana shi gini. Hujjar alƙalin ko ɗan kasuwar Kurmi zai gane ta: wanda ya fara saye ya samu rangwame saboda sharaɗin, to zalunci ne a bar shi ya sayar da tsada kamar babu sharaɗin. Daga nan aka samu ƙa'idar cewa alƙawarin barin wani abu a kan ƙasa yana iya ɗaure duk wanda ya saye ta yana sane.

Ƙa'idar tana da iyaka. Dole sharaɗin ya zama hani, kamar kada a yi gini. Dole kuma mai neman a tilasta shi ya kasance yana da ƙasa a kusa wadda take amfana da hanin. Wannan iyaka ta biyu ta hana ƙungiyoyi da hukumomi shiga, sai da majalisa ta gyara. A 1937 aka ba ƙungiyar National Trust ikon riƙe irin wannan alƙawari ko ba ta da ƙasa a maƙwabtaka, sannan dokar muhalli ta 2021 ta buɗe ƙofar ga wasu hukumomi da ƙungiyoyin da aka amince da su. A ɗaya gefen, tun 1925 doka ta ba kotu ta musamman ikon sassauta sharaɗin da zamani ya wuce shi ko wanda yake tare amfanin jama'a.

Shari'ar da ta fi kama da halinmu an yanke ta a Kotun Ƙolin Birtaniya a 2020. A kusa da garin Maidenhead, wani kamfanin gine-gine ya gina gidaje 13 na masu ƙaramin ƙarfi a kan filin da aka ɗaure da sharaɗin hana gini tun 1972, a jikin filin da aka keɓe don gidan jinyar yara masu cutar ajali. Kamfanin ya san da sharaɗin. Ya yi gininsa, sannan ya je neman a ɗage masa, yana kafa hujja da cewa gidajen sun riga sun tsaya kuma mutane suna buƙatarsu. Kotun Ƙoli ta ƙi. Ta lura cewa kamfanin yana da damar tsara gidajen a ɓangaren filinsa da ba a ɗaure ba, amma ya zaɓi ya taka sharaɗin da gangan. Duk wanda ya zauna a Kano ya san wannan dabara ta a gina da dare, da safe a ce aikin gama ya gama. Bambancin shi ne can an samu takarda, an samu mai riƙe da ita, an samu kotun da ta ce gina abu ba ya halatta shi.

Abin da dokarmu ta ce

Manyan kotunanmu sun gaji ƙa'idojin shari'ar Ingila kamar yadda suke a ranar 1 ga Janairun 1900, don haka hukuncin 1848 ba baƙo ba ne a wurin lauyoyinmu. Amma ƙasar da za a ɗora shi a kai ta bambanta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 29 ga Maris 1978, wadda ta gaji ruhin dokar 1910 ta Turawan mulkin mallaka da ta 1962 ta Jihar Arewa, ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake da shi haƙƙin zama ne da amfani. Sashe na 22 ya ce ba ka miƙa haƙƙin da gwamna ya ba ka sai da amincewarsa. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin saboda maslahar jama'a da ta rinjaya. Sashe na 29 ya ce diyyar da za a biya ta abin da ka ɗora a kan ƙasar ce, amfanin gona da bishiyoyi da gini.

Akwai wani sashe da kusan ba a ambatarsa. Sashe na 36 ya yi magana a kan gonakin da ke wajen yankin birni waɗanda ake nomawa lokacin da dokar ta fara aiki, ya ce ba za a yanka su fulotai ba, ba za a miƙa su ga wani ba. Hukuncin wanda ya saɓa shi ne tarar naira 5,000 ko ɗaurin shekara guda. Ashe sharaɗin hana yanka gona yana cikin dokar ƙasa sama da shekara arba'in, dokar da sashe na 315 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kariya ta musamman. Bai ceci gona ko ɗaya da na sani ba. Tarar ba ta kai kuɗin shayin dillali ba, kuma sashe na 3 ya ba gwamna ikon ayyana duk inda ya ga dama a matsayin yankin birni. Darasin a nan shi ne hani na gaba ɗaya, wanda ya saɓa wa buƙatar miliyoyin mutane kuma babu wani takamaiman mutum da aka ba ikon tsaronsa, tawada ce kawai a kan takarda.

Wani ya bayar, wani ya rushe

Idan ana son ganin inda rashin sharaɗi mai ɗorewa yake kai mu, ba sai an je karkara ba. A zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje an gina shaguna a kewayen Filin Idi na Ƙofar Mata, an yi gine-gine a harabar tsohon otal ɗin Daula da Sansanin Alhazai, an yanka filaye a jikin badala. A watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da shi, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa katafila ta bi da yawa daga cikinsu. Masu shagunan Filin Idi suka tafi Babbar Kotun Tarayya, ta yanke musu diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3.

Rabin Kano ya yi tafi lokacin gini, rabi ya yi tafi lokacin rusau, kuma kowane ɓangare yana ganin ya kare gari. Ni a ganina duka biyun alamar cuta ɗaya ce. Filin da sa hannun mutum ɗaya zai iya mayarwa shaguna, sa hannun wani ya mayar da shi kufai, ba shi da kariya ko kaɗan, yana jiran zaɓe na gaba ne kawai. 'Yan kasuwa sun yi asarar jari, baitulmali ya biya diyya, kuma har yau babu abin da zai hana gwamnan gobe sake rabawa. Idan haka ta faru da filin da Sarki yake sallar Idi a cikinsa, wane fata ya rage wa fadamar da ke bayan Ungogo ko burtalin da ya ratsa Kumbotso?

Hurumi da wakafi

Ba sai mun aro komai daga Landan ba. Kalmar hurumi tana bakinmu tun kafin Bature ya zo, kuma ma'anarta fili ne da aka keɓe wa jama'a, ba a nomawa, ba a ginawa. Burtali hurumi ne, makiyaya hurumi ce, gefen rijiya da bakin rafi suna da haraminsu a fiƙihu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don dawakin Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da ake keɓanta da ƙasar da ba ta da mai ita. Abin da ya kashe hurumi a wurinmu shi ne an bar shi a ƙwaƙwalwar dagaci da mai unguwa, ba a sa shi a taswira ba.

Wani zai ce to mai gona ya rubuta a takardar ciniki cewa ba za a yi gini ba, shi ke nan. A nan malaman Malikiyya za su ɗaga hannu. A mazhabarmu, sharaɗin da ya ɗaure hannun mai saye har ya saɓa wa manufar ciniki, kamar a ce kada ya sayar ko kada ya kyautar, yana ɓata cinikin sai in an janye shi. Don haka sharaɗin hana gini a cikin takardar saye zai iya haɗuwa da gardama a kotun shari'ar Musulunci, inda mafi yawan rigingimun gado da gonaki suke ƙarewa.

Ƙofar da fiƙihu ya buɗe a sarari ita ce wakafi, wanda muke kira hubusi. Asalinsa gonar Sayyidina Umar ce a Haibara, wadda aka tsare asalinta daga sayarwa da kyauta da gado, aka sadaukar da amfaninta. Malamai sun ɗauki sharaɗin mai wakafi da matuƙar nauyi matuƙar bai saɓa wa shari'a ba. Malikiyya kuma suna da sauƙi biyu da suka dace da halinmu: sun yarda a yi wakafi na ƙayyadadden lokaci, sun kuma yarda a yi wakafin amfani ko da mutum bai mallaki asalin abin ba. Mai riƙe da takardar shekara 99 daga gwamna yana iya yin hubusin abin da ke hannunsa. Abin da suka tsananta a kai shi ne a fitar da abin daga hannun mai shi, a damƙa wa mai kula, tun yana da rai da lafiya. Nan kakanmu ya yi saƙaci, Allah ya jiƙansa. Ya yi niyya, ya yi magana, amma fadamar tana hannunsa har ya cika, sai ta faɗa cikin gado. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Ya kamata rijistar fadamu da kududdufai da burtalai ta zama cikin manyan ayyukanta.

Wa shingen zai hana shiga?

Ga gardamar da ta fi ƙarfi a kan duk abin da na faɗa. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, kuma an haifi wata al'umma guda tun daga lokacin. Ku shiga lungunan cikin birni ku ga gidan da aka gina wa iyali ɗaya yana ɗauke da iyali biyar, an mayar da zaure ɗakin amarya. Saurayin da ya tashi a Yakasai ko Mandawari, idan zai yi aure, fulotin awon igiya ne kaɗai abin da ƙarfinsa zai kai. Rukunan gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo ba don aljihunsa aka gina su ba. Duk wanda ya ce a hana gini a gonaki gaba ɗaya, wannan saurayi yake cewa ya ci gaba da kwana a shago. Haka kuma manomin da gonarsa ita ce kaɗai dukiyarsa, idan aka ɗaure ta ba da yardarsa ba, an rage masa darajarta, alhali mai ba da shawarar yana zaune a gidan da aka gina a kan gonar wani.

Tarihi ya nuna yadda ake karkatar da wannan makami. A Amurka an yi shekaru ana rubuta wa gidaje sharaɗin kada a sayar wa baƙar fata, har sai da Kotun Ƙoli ta ce a 1948, a shari'ar Shelley da Kraemer, kotuna ba za su tilasta irin wannan sharaɗi ba. A ƙasashe da yawa masu hali suna fakewa da kare muhalli don kada talaka ya zama maƙwabcinsu. Babu abin da zai hana attajirin Kano ya saye hekta ɗari a bakin gari, ya kira ta hurumi, ya jira farashi ya tashi.

Ma'aunin da zai raba gaskiya da yaudara yana cikin umarnin da Sayyidina Umar ya ba mai gadin makiyayar da ya keɓe. Ya ce masa ya bar masu 'yan raƙuma da 'yan tumaki su shiga, ya tare garken Ibn Auf da na Ibn Affan, domin su idan dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa ba shi da wurin komawa. Hurumin da ya halatta shi ne wanda marar ƙarfi ya fi kowa amfana da shi. Saboda haka ban ce a ɗaure gonaki duka ba. Tudu a yi gini, a yi shi da tsari, a ƙyale mutane su hau sama da bene maimakon su bazu. Abin da za a ɗaure shi ne abin da idan ya tafi ba ya dawowa kuma asararsa a kan kowa take: fadama, hanyar ruwa, kududdufi, burtali, maƙabarta, filin makaranta, filin Idi, da abin da ya rage na badala.

Aikin da ke gaban majalisa

Majalisar Dokokin Kano ba za ta iya taɓa dokar 1978 ba, amma Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2003, a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Wannan ya isa a yi doka mai ginshiƙai huɗu. Na farko, rijista ɗaya ta duk hurumi da hubusin ƙasa, da iyakokinsu a taswirar KANGIS, a buɗe ga kowa, ta yadda babu mai sayen da zai ce bai sani ba. Na biyu, a haramta wa KNUPDA ba da izinin gini a kan duk abin da ke cikin rijistar. Na uku, a ba duk mazaunin unguwa da duk ƙungiya mai rijista ikon shigar da ƙara, ko ba su da fili a kusa. Na huɗu, kada a fitar da fili daga rijista sai da sanarwa a fili, da sauraron jama'a, da hukuncin kotu, da musanya shi da wani mai irin amfaninsa. Manomin da aka shigar da fadamarsa kuma a biya shi, ko a ba shi fuloti a tudu.

Kafin majalisa ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Da yawa daga masu karanta wannan rubutu su ne lauyan gidansu, ko injiniyansa, ko wanda ake kira idan za a raba gado. Idan a gonar gidanku akwai gefen da dattijo yake cewa kada a taɓa, ku zaunar da shi tun yana da lafiya. Ku kira mai awo ya fitar da iyaka, ku rubuta hubusi a gaban alƙali da shaidu, ku naɗa masu kula, ku damƙa musu, ku kai kwafi ga dagaci da ƙaramar hukuma da Hukumar Zakka da Hubusi. Takardar ba za ta hana gwamna amfani da sashe na 28 ba, amma za ta hana gefen faɗawa cikin gado, za ta hana dillali cewa bai sani ba, kuma za ta ba jikokinku abin riƙewa a gaban kotu. Mu a gidanmu mun gane haka bayan an zuba harsashin gini a kan fadamar.